Ciwon Hanta na C: Wane Iri Ne, Wane Magani Ya Dace?



Yau maganarmu a kan ciwon hanta na C ce. Ƙwayar cutar nan ba iri ɗaya ba ce. An fi sanin manyan iri shida, kowanne da lambarsa. Na 1 da na 3 su suka fi yawa a duniya. Na 4 ya fi yaɗuwa a Masar da Sudan da tsakiyar Afirka har Kamaru, na 5 a Afirka ta Kudu, na 6 a kudu maso gabashin Asiya.

To 'yar uwa, idan gwaji ya nuna naki na 4 ne ko na 5, kada hankalinki ya tashi. A da allurar interferon ake yi wa mutum, wani har mako 48, ga zazzaɓi ga kasala. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙwayoyin da ke aiki a kan kowane iri: sofosbuvir da velpatasvir, ko sofosbuvir da daclatasvir, yawanci mako 12, ko glecaprevir da pibrentasvir, mako 8. Fiye da kashi 95 cikin 100 suna warkewa.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Kowane iri yana da rassa. A Ruwanda an ga reshen 4r bai cika jin haɗin sofosbuvir da ledipasvir ba, alhali haɗin yana yi wa wasu aiki sosai. Shi ya sa ba a aron sunan magani a wurin maƙwabciya a tafi kemis a saya. Likita ne zai zaɓa.

Kafin ya zaɓa, sai ya duba ko hantarki ta riga ta yi tabo, don hakan na iya ƙara tsawon shan magani. A gwada ki ciwon hanta na B, domin yakan farfaɗo a lokacin maganin C. In kina da juna biyu ko kina neman haihuwa, ki faɗa ba kunya, musamman in za a haɗa da ribavirin, don yana yi wa ɗan tayi illa.

Ki sha kullum ba fashi. Bayan kin gama da mako 12, ki koma a gwada jini. Wannan gwajin ne zai tabbatar kin rabu da cutar, ba jin sauƙin jiki ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.