Manhajar Matse Fayil Da Za Ka Riƙa Yawo Da Ita A Filashi

Shirin yau na ɗalibai ne da masu yawan zuwa kafe. Ka san yadda ake yi: an turo maka fayil mai ƙarewa da .rar ko .7z, ka danna a tsohuwar kwamfutar makaranta, ta ƙi buɗewa. Ka ce bari ka girka manhaja, sai ta ce sai da izinin mai kula da na'urar. Ga shi kuma gobe ne ranar miƙa aiki.

To, maganin yana iya zama a aljihunka. Akwai manhajar 7-Zip, wadda wani ɗan Rasha, Igor Pavlov, ya fitar a 1999, kuma kyauta ce. A shafin PortableApps akwai nau'inta wanda ba ya buƙatar girkawa a kwamfuta. Ka sauke shi cikin filashi, duk inda ka je ka soka filashin, ka buɗe ta daga nan, shi ke nan.

Tana warware ZIP da 7z da RAR, sai dai ba ta iya haɗa RAR, buɗewa kawai take yi. Tana tara folda guda ta zama fayil ɗaya. Tana kuma raba babban fayil gida-gida, abin da zai taimaka tunda Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25MB kai tsaye. Amma fa sai wanda ka tura wa ya haɗa dukkan gutsattsarin kafin ya buɗu.

Yanzu ga inda mutane ke shan mamaki. Matsewa na aiki ne ta hanyar gano abin da ke maimaituwa a cikin fayil, a taƙaita shi. Shi ya sa zallar rubutu ke raguwa sosai. Amma bidiyon MP4, hoton JPEG da waƙar MP3 tun asali a matse suke, don haka kada ka sa ran fim ɗinka zai ragu ya cece maka data.

Sai maganar kalmar sirri. 7-Zip na kulle fayil da tsarin AES-256, mai ƙarfin gaske. Idan ka manta kalmar, babu wanda za ka kira ya buɗe maka. Ka rubuta ta a wuri mai aminci, kuma kada filashi ya zama nan ne kaɗai takardunka suke, don ƙwayar cutar kwamfutocin kafe ba ta da tausayi.

Mai tambaya ya ajiye mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.