Idan kwamfuta ta ƙi tashi bayan an mayar mata da kwafin ajiya



An ba ni ɗan lokaci in yi magana kan wata matsala da takan faɗa wa makarantunmu, galibi a ƙarshen zango, sa'ad da makin ɗalibai da sunayen masu jarrabawa ke cikin kwamfuta guda ɗaya tal. Faifan ajiyarta ya mutu, an sayo sabo, an zuba masa kwafin da aka adana, amma da aka kunna sai allo ya tsaya baƙi da rubutun "No bootable device". A irin wannan hali, mafi yawan lokuta makin yaran yana nan daram. Abin da ya ɓata ɗan jagoran da ke nuna wa na'ura inda Windows yake ne kawai.

Idan aka kunna kwamfuta, ba Windows ke fara aiki ba. Akwai wata manhaja da ke zaune a jikin na'urar, ana kiranta BIOS a tsofaffi, UEFI a sababbi, ita ce ke laluben faifai. A tsohon tsari, wato MBR, jagoran yana cikin bait 512 na farkon faifan. A sabon tsari, wato GPT, yana cikin wani ƙaramin sashe na daban, wanda sau da yawa bai wuce megabait 100 ba, kuma ba ya bayyana idan an buɗe kwamfuta. Saboda haka mai yin kwafi yakan ɗauki sashen C kaɗai ya bar shi. An kwaso kayan gida kakaf, an manta da makulli.

Kafin kowane gyara, a fara kwashe takardun. A cire faifan a haɗa shi da wata kwamfuta, ko a tayar da na'urar da filashi mai ɗauke da Ubuntu, a kwafe maki zuwa wani wuri. Ina jaddada wannan ne domin maganin da wasu masu gyara kan fara kawowa shi ne fomatin, wato share komai, kuma aikin zango guda yakan tafi a cikin minti kaɗan.

Daga nan a shiga saitin BIOS, ta danna F2 ko Del ko F10 da zarar an kunna. A duba ko sabon faifan ne a sahun farko. A duba kuma salon tashi: kwafin da aka ɗauko daga faifan MBR yana bukatar Legacy, na GPT yana bukatar UEFI. Sauya wannan layi ɗaya yakan gama magana. Idan kuwa shuɗin allo ne ya fito da "INACCESSIBLE BOOT DEVICE", a gwada mayar da saitin SATA yadda yake a tsohuwar na'ura, galibi AHCI.

In duk wannan bai yi ba, a kawo filashin sanya Windows, a zaɓi "Repair your computer", sannan "Startup Repair". In ya gaza, a buɗe Command Prompt a rubuta bcdboot C:\Windows, umarnin da ke sake rubuta jagoran. Sai dai a lura, a wannan wuri harafin yakan sauya, Windows ya koma D ko E, don haka a tabbatar da harafin tukuna. Idan ƙaramin sashen nan babu shi gaba ɗaya, sai an ƙirƙire shi da diskpart, kuma wannan a bar wa wanda ya ƙware, domin kalma ɗaya a cikinsa, clean, tana goge tsarin faifan duka. Wanda kuma faifansa ke kulle da BitLocker zai bukaci lambobi 48 na buɗewa, waɗanda sau da yawa suna cikin asusunsa na Microsoft.

Shugaba, ina ba reshe shawarar ya sayi filashi biyu masu gigabait 8 ko fiye, ɗaya a sa masa Windows, ɗaya Ubuntu, a ajiye a ofis don kowace makaranta ta ara.