Ƙungiyar matasa da ta ɗauki kofin Faransa: tarihin AJ Auxerre



Da biro ya ce in yi magana a wannan taro, wasu sun zaci tarihin wani babban malami ko wani sarki zan kawo. Sai ga ni da zancen balo. Ku yi mini haƙuri na ɗan lokaci, za ku ga inda na dosa.

Kowace fada ka je a garin nan, gardama ɗaya ce: Real ko Barsa. Ni kuwa wata ƴar ƙaramar ƙungiya ta Faransa zan ba ku labarinta. Ana rubuta sunanta AJ Auxerre, ana faɗin "Oser". Waɗanda suka yi lakkol sun san abin da haruffan AJ ke nufi: Association de la Jeunesse, wato ƙungiyar matasa. Da sunan da muke kiran kanmu ta fara, kuma har yau ba ta canza shi ba.

Auxerre gari ne a yankin Bourgogne, a bakin kogin Yonne, wajen kilomita 170 kudu maso gabas da Paris. Mutanensa ba su wuce 35,000 da ƴan kai ba. Ku kwatanta da Maradi ko Damagaram, za ku ga ko kusa bai kai su ba. A watan Disamba na 1905, watan da Faransa ta yi dokar raba gwamnati da coci, wani limamin Kirista mai suna Ernest Deschamps ya kafa ƙungiyar don yaran garin su samu wurin motsa jiki da tarbiyya. Filin wasanta har yanzu sunansa yake ɗauke da shi, kuma idan ya cika, kusan rabin mutanen garin ke nan a ciki.

Sama da shekara hamsin ƙungiyar ta yi tana buga wasannin yankinta kawai, ba wanda ya san da ita a waje. A 1961 suka nemi mai horarwa. Cikin masu neman aikin akwai wani saurayi ɗan shekara 22, Guy Roux, wanda ya taɓa buga musu yana yaro. Shugabannin suka ɗauke shi, kuma dalilin da aka fi faɗi shi ne ya fi kowa arha. To, wannan mai arhar sai da ya kai 2005 a wurin. In ka cire lokacin da ya tafi aikin soja da shekara ɗaya da ya koma ofis, duk yana bakin fili. Shekara 44 ke nan. Shugaban ƙungiyar ma, Jean-Claude Hamel, ya hau a 1963, bai sauka ba sai 2009.

Ku dubi yadda hawan ya kasance. Sai 1970 suka shiga rukuni na uku na ƙasa, shekara tara bayan zuwan Roux. Rukuni na biyu, 1974. Rukuni na ɗaya, 1980. Shekara goma sha tara kafin su ga manya. A yau wace ƙungiya ce za ta bar mai horarwa shekara tara bai hau ko mataki ɗaya ba? Mu nan ma, in sakatare ya yi wata shida ba a ga canji ba, an fara ƙus-ƙus a bayansa.

Wurin da nake so mu tsaya sosai shi ne 1979. A shekarar, Auxerre tana rukuni na biyu, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Faransa. Nantes ta doke ta 4 da 1, amma sai da aka yi ƙarin lokaci. Wannan tafiya ta kawo musu kuɗin da ba su saba gani ba. Shawara biyu ce a gabansu: ko su sayo shahararren ɗan wasa, jama'a ta yi tafi, ko su zuba kuɗin inda ba za a ga amfaninsa da wuri ba. Suka zaɓi ta biyu. Suka sayi filayen da ke kusa da filin wasansu, suka gina makarantar horar da yara, wadda ta buɗe a farkon shekarun 1980. Yaro yana kwana nan, yana cin abinci nan, yana karatunsa na boko, da yamma ya fita atisaye.

Lissafin mai sauƙi ne. Ƙaramin gari ba zai iya ja da Paris ko Marseille a kasuwar ƴan wasa ba. Amma zai iya ɗaukar yaro ɗan shekara goma sha biyar, ya raine shi, ya ci moriyarsa wasu shekaru, sannan ya sayar da shi da tsada, ya sa kuɗin a renon na baya. Kamar mai kiwo ne da ba ya sayen rago ana gobe Salla.

Ku ji waɗanda suka fito daga wannan makaranta. Eric Cantona, wanda daga baya ya zama sarki a Manchester United. Basile Boli, haifaffen Abidjan, wanda ya ci wa Marseille ƙwallon da ta ba ta kofin zakarun Turai a 1993. Djibril Cissé, da ya fi kowa cin ƙwallo a Faransa a 2002 da 2004 kafin Liverpool ta saye shi. Philippe Mexès, Bacary Sagna, da sauransu da yawa. In kuma dole sai an sayo daga waje, Roux yakan nemo wanda manyan ba su lura da shi ba, kamar Andrzej Szarmach na Polan a 1980, ko Taribo West ɗan Najeriya a 1993.

Shi kansa Roux, labarinsa abin dariya ne da ban mamaki. An san shi da maƙo, ba ya yarda a ɓata ko ƙwallo ɗaya. An san shi da duba kilomitan motocin ƴan wasansa don ya gane wanda ya sulale zuwa Paris da dare. Yana da masu ba shi labari a gidajen rawa. Ƴan wasan suna ƙorafi, amma iyaye kan ba shi ɗansu hankali kwance, don sun san akwai mai sa ido.

Sakamakon ya zo. A 1993 sun kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin UEFA, Dortmund ta fitar da su a bugun fenariti. A 1994 suka ɗauki Kofin Faransa na farko. A 1996 suka haɗa biyu, gasar ƙasa da kofi, Taribo West da Laurent Blanc suna tsaron baya. A wannan shekarar ce kuma Taribo ya ci zinare da Najeriya a wasannin Olamfik na Atlanta. Suka sake ɗaukar kofi a 2003 a hannun PSG, sannan a 2005 a hannun Sedan, inda Bonaventure Kalou ɗan Kodebuwa ya ci ta biyu ana dab da tashi. Washegari Guy Roux ya ce ya ajiye aiki.

Da a nan labarin ya ƙare, da na ce ku tafa mu tashi. Amma akwai saura, kuma sauran ya fi shafarmu. Ƙungiyar ta ɗan ci gaba da tafiya da ƙarfin baya. A 2010 ta zo ta uku a Faransa, ta buga kofin zakarun Turai da Real Madrid da AC Milan da Ajax. Shekara biyu kacal bayan haka, a 2012, ta zo ta ƙarshe, ta faɗa rukuni na biyu bayan shekara 32 a sama. Me ya faru? Tsofaffin da suka riƙe ta sun tsufa, aka shiga jayayyar shugabanci. Sauran ƙungiyoyi sun koyi dabarar renon yara, wasu ma sun fi ta kuɗin yi. Kuɗi suka yi ƙaranci har a 2016 wani attajiri ɗan Sin, James Zhou, ya saye ta. Sai 2022 ta dawo rukuni na ɗaya, ta sake faɗuwa a 2023, ta sake hawa a 2024.

Yanzu bari in juyo gida. Abu na farko, kuɗin asusu. Duk ranar da ɗan abu ya shigo hannunmu, za a samu masu cewa a yi babban biki a ɗauki hoto. Ku tuna da 1979. Na biyu, ƙannenmu. Wanda ke share wuri da shimfiɗa tabarma yau, shi ne shugaban gobe, in an koya masa. In ba a koya masa ba, ranar da mu muka tafi neman aiki Yamai ko muka yi iyali, sai a rufe ƙofa. Auxerre ta iya renon ƴan wasa, amma ba ta reni waɗanda za su gaji shugabanninta yadda ya kamata ba, kuma ta biya da shekara goma a ƙasa. Ina roƙon kowane mai muƙami a cikinmu ya duba gefensa: wa yake koya wa aikinsa? In amsar babu kowa, to a fara daga wannan satin.

Sai kalma ɗaya ga ƙannena masu mafarkin buga balo a Turai. Sunayen da na lissafa ƴan kaɗan ne cikin ɗimbin yaran da suka shiga makarantar, mafi yawansu ba su zama ƙwararru ba. Shi ya sa ake haɗa musu da karatu. Duk wanda ya zo ya ce ku kawo kuɗi zai kai ku gwaji Faransa, ku kai maganar gaban iyaye da manya kafin a sayar da gona ko saniya. Ku buga balonku, amma kada ku ajiye littafi.

Inda na yi kuskure a yafe mini. Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya kai mu wani taron lafiya.