Jawabin Shugabar Mata: A San Abin Da Ake Nema Kafin A Saro Kaya

Iyayena, yayyena da ƙannena na Yakasai, Jakara, Sheshe da sauran unguwannin cikin Badala, barkanmu da war haka.

Yau maganar jari zan yi. Da yawanmu kuɗin adashe muke kwasa mu je Kwari mu saro atamfa da leshi, ko Kurmi mu haɗo kayan turare. A ɗora a sitatus, shiru. Sallah ta wuce, kaya na jibge a ɗaki, ga zubi yana jira. Ba kyau kayan suka rasa ba, lokacin ne aka kuskure.

Akwai wani shafi, Google Trends. Tun 2006 yake, kuma ba a biyan ko sisi, data kawai zai ci. Aikinsa nuna abin da mutane ke bincikawa a intanet, da lokacin da suke yawan binciken.

Ki buɗe, ki zaɓi Najeriya, ki rubuta sunan hajarki, misali lalle, abaya ko turaren wuta, sannan ki zaɓi shekara 5 baya. Wani layi zai fito, yana hawa yana sauka tsakanin 0 da 100. Kar ki ɗauka 100 mutum ɗari ne, a'a, lokacin da nema ya kai ƙololuwa ke nan. Ke inda layin ya fara hawa za ki kalla. Nan ne lokacin saro kaya da fara talla. In kika bari ya kai sama, kowa ya fito da nasa, sari ma ya yi tsada.

Ana iya gwada kalmomi da dama tare, a ga wacce aka fi nema. Kuma ki tuna azumi na matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, don haka da watan Musulunci za ki yi lissafi.

In kalmar Hausa ba ta nuna komai ba, gwada ta da Turanci. Sannan ki ajiye ɗan littafi, duk abin da aka tambaye ki a WhatsApp ki rubuta, domin Hajiyar maƙota ba Google take tambaya ba, ke take tambaya.

Wadda wayar ke ba ta wuya, ta sa 'yarta ta duba mata. Mace mai abin hannunta ba a sayen ƙuri'arta da taliya da sabulu.

Allah Ya sa albarka a nemanmu. A tura wa 'yan uwa.