Motar Sulke a Ƙarƙashin Benci: Jawabi ga Taron Malaman Bodinga da Shagari

 

Zan fara da laifin kaina. A zangon karatu da ya wuce ina tsakiyar darasin lissafi a aji biyar, sai na ji ƙugi a ƙarƙashin bencin baya. Da na leƙa, na tarar da motar sulke ta gwangwani, mai taya shida na silifas, tana tafiya da kanta. Na ƙwace ta, na yi wa mai ita faɗa, na kulle ta a kabad. Sai bayan an tashi, da na juya cikinta, jikina ya yi sanyi. Yaron da nake rubuta wa "ba ya ƙoƙari" ya ciro ɗan injin da ke juya faifai daga matacciyar DVD, ya haɗa shi da batirin tocila, ya ɗaura zoben roba daga injin zuwa sandar tayoyin baya. Babu wanda ya koya masa.

A zamaninmu motar kara da ta langa-langa muke yi, muna kwaikwayon manyan motocin da ke bin hanyar Jega. Yaran yau motar soja suke gani a kan titi, kuma kowa a nan ya san dalili. Akwai malaman da suka ce mini bai kamata makaranta ta ƙarfafa wa yaro sha'awar kayan yaƙi ba. Ban raina wannan magana ba, don ni ma bindigar da ya ɗora a kai ta dame ni. Amma ko mun hana shi zai ƙera ta a zaure. Abin da zaure ba zai ba shi ba shi ne awo, kuma wannan aikinmu ne.

Washegari na mayar masa da motarsa bisa sharaɗi ɗaya: ajin duka za mu sake gina ta, da rula. Muka ɗauka ainihin motar tana da tsawon mita 5, muka zaɓi sikelin 1:10, sai tamu ta zama santimita 50. Tayar da faɗinta ya kai mita 1 ta koma santimita 10. Yaran da ke gudun raba lamba suka yi ta rabawa da 10 har aka kaɗa ƙararrawa ba su ji ba.

Gwajin farko ya ba mu kunya. Tayoyi suna juyi da gudu a sama, amma da an ajiye ta a yashi sai ta kafe. Wata yarinya ce, wadda mahaifinta ke da injin niƙa, ta ce ai nasu ƙaramar gargare ce ke jan babba. Muka sa murfin kwalba mai faɗin na injin sau 4 a jikin sandar taya. Gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru, mota ta haye tudun yashi. Da muka juya wayoyin batir, ta koma da baya. Hasumiyar sama kuwa sirinji biyu da robar ƙarin ruwa sababbi ne ke motsa ta: ka danna ɗaya, ruwa ya tura ɗayan. Sannan suka tambaye ni me ya sa jikin motar soja yake a karkace. Na sa suka jingina katako mai kaurin santimita 1 a kan digiri 60 daga tsaye, suka auna a miƙe, suka sami 2. Ƙarfe bai ƙaru ba, amma kariya ta ninka.

Wannan ba mafarki ba ne a ƙasarmu. A Disambar 2019 aka ƙaddamar da motar sulke mai suna Ezugwu a Kaduna, wadda masana'antar DICON ke da hannu a ƙera ta. Jelani Aliyu, da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato ya yi sakandare. Shi kansa marigayi Alhaji Shehu Shagari darasin kimiyya ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin siyasa ta ɗauke shi.

Gargaɗi biyu, don Allah. Gefen gwangwani yana yanka kamar aska, malami ne zai yanke ya lanƙwasa bakin. Batirin caji kuma kada a bar yaro ya huda shi ko ya haɗa kansa da gindinsa da waya, yana iya kamawa da wuta.

Roƙona ga reshe shi ne a ware rana ɗaya a ƙarshen zango mai zuwa, makarantun Bodinga da Shagari su baje abin da yaransu suka ƙera, kowane da takardar awonsa a gefe. A kuma taimaka da gam da waya da batir, domin na bana daga albashina suka fito. Motar tana nan a kan teburin Sakatare. Bindigar, yaran da kansu suka cire ta suka sa fitila, wai don ta ga hanya da dare.