Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Gyaran Na'urar Wasa Mai Cin Kwabo

Gaisuwa ta musamman ga masu gyaran rediyo da talabijin na Gwarzo da Kabo, da yaran da ke koyon aiki a ƙarƙashinsu, gama maganarmu ta yau tasu ce. Amma iyaye ma ku matso kusa, akwai rabonku a ciki.

Kan maganarmu shi ne gyaran tsohuwar na'urar wasa mai cin kwabo, ƙirar ƙasar Japan. Watakila wani zai ce, ina ruwan mutumin Gwarzo da wannan? Ku yi haƙuri ku saurara. Samarinmu sun san gidan gem, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a PlayStation. To, wannan na'ura ita ce kakar abin. Kuma kayan da ke cikinta, watau kwalbar talabijin mai ƙusumbi, da fanel, da taransifoma, su ne kayan da masu gyaranmu suka saba taɓawa. Wanda ya gane hanyar gyaranta ya gane hanyar gyaran kayan lantarki masu yawa.

Bari mu fara da sanin abin. Babban akwati ne, a gabansa akwai gilashin kallo, da sandar juyawa, da maɓallai, da 'yar kafa inda ake jefa kuɗi. A Japan, tsabar yen 100 ake jefawa a yi wasa. A shekarar 1978 kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera. A 1980 kamfanin Namco ya fitar da Pac-Man, aikin Toru Iwatani. A 1981 Nintendo ya fitar da Donkey Kong. Waɗannan na'urori sun bazu har Amurka da Turai. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera su a Japan, wadda ake kira JAMMA, ta tsai da tsari guda na haɗa wayoyi, mai haƙora 56, domin a iya zare fanel na wasa ɗaya a sa na wani a cikin akwati guda. Ku lura da wannan da kyau. Tun ran gini tun ran zane: an ƙera waɗannan na'urori ne domin a buɗe su, a gyara, a ci gaba da aiki da su. Shi ya sa har wa yau akwai masu aiki, bayan shekara 30 ko 40.

To, a ce irin wannan na'ura ta faɗo hannun mai gyara a Kabo, cikin tsofaffin kayan da ake shigowa da su daga ƙasashen waje. Ta yi ƙura, ta yi tsatsa, ba ta motsi. Me zai yi? Za mu duba abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kada ya yi gaggawar sa mata wuta. Wannan shi ne jarabar kowane yaron shago: yana so ya ga ko za ta kama. Amma wutar gidajen Japan bolt 100 ce, tamu kuwa wajen 230 ce, fiye da ninki biyu. Idan aka soka na'urar Japan kai tsaye a soket ɗinmu, cikin ƙiftawar ido abin da ya tsira shekara 30 zai iya zama hayaƙi. Dole a nemi taransifomar rage wuta. Kuma tun da wutarmu tana hawa tana sauka, balle ta janareta, ya kamata a haɗa da sitabilaiza. Kafin wannan ma, sai a buɗe akwatin a duba da ido. Ko ɓera ya ci waya? Ko fis ya ƙone? Ko wani ya taɓa ɗaure fis ɗin da waya? A share ƙura da burushi mai laushi, gama ƙurar hunturu irin tamu takan toshe iska, zafi ya taru. Sa'an nan a zare fanel ɗin wasan a ajiye gefe, a gwada sashen da ke ba da wuta shi kaɗai da mita. Fanel yana bukatar bolt 5, sashen sauti kuma yawanci bolt 12. Idan bolt 5 ya haura da yawa, zai kashe ƙananan ƙwaƙwalwar da ke kan fanel, waɗanda wasu ba a ƙera irinsu kuma. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, ya ji tsoron kwalbar. 'Yan'uwa, nan ne batun rai yake. Kwalbar talabijin mai launi tana aiki da wuta wajen bolt 25,000, kuma takan riƙe wutar a cikinta bayan an zare soket. Na'ura tana kwance shiru kamar matacciya, amma dafinta yana nan. Akwai wata waya mai kauri, yawanci ja, mai hular roba a jikin kwalbar. Ba a taɓa ta sai an sauke wutar zuwa jikin ƙarfen da ke riƙe da kwalbar, kuma wannan aiki ba na ɗan koyo ba ne shi kaɗai. Sai maigida yana tsaye a kansa. Babbar kafasita ta sashen wuta ita ma takan riƙe wuta mai iya ka da mutum. A cire agogo da zobe, a sa takalmi, kada a tsaya a ƙasa mai laima, kada kuma a yi aikin ba kowa a kusa. Daɗin daɗawa, cikin kwalbar babu iska, saboda haka idan wuyanta ya karye ko ta faɗi, gilashin yakan tarwatse da ƙarfi. A riƙa ɗaukarta kamar ƙwai. An daina ƙera irin waɗannan kwalabe. Kamfanin Sony ma ya daina yin nasa, Trinitron, tun 2008. Kowace ɗaya da aka fasa ta tafi ke nan.

Iyaye, ga rabonku. Gilashin nan yana ɗauke da dalma, haka kuma abin da ake like wayoyi da shi a tsofaffin fanel. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Hanyar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce. Kada ku bar yara su yi wasa da fasasshiyar kwalbar talabijin a juji, kada a ƙone tsohon fanel kusa da gida, kuma yaron da ya taso daga shagon gyara ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a tuwo.

Na uku, ya nemi ɓarnar da ke ɓoye. Sau da yawa ba babban abu ne ke kashe na'ura ba, ƙarami ne. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ga misali. A 1990 kamfanin SNK ya fitar da na'urar Neo Geo, wadda ake canja mata wasa kamar yadda ake canja kaset. A kan fanel ɗinta akwai wani ɗan batir mai riƙe lokaci da lissafi. Idan ya tsufa sai ya fara yoyo, ruwansa ya bi siraran hanyoyin tagulla na fanel yana cinye su a hankali, shekara da shekaru, ba wanda ya sani. Mai gyara na ƙwarai, da ya buɗe, batir ɗin zai fara dubawa. Ya cire shi, ya wanke wurin, ya bi hanyoyin ɗaya ɗaya da mita, inda ya yanke ya haɗa da siririyar waya.

Ga wani misalin. A 1993 kamfanin Capcom ya fitar da fanel mai suna CPS-2, wanda Super Street Fighter II ya fara fitowa a kansa. Domin hana masu satar fasaha, sai suka kulle wasan, mabuɗin kuma suka ajiye shi a wata 'yar ƙwaƙwalwa da batir ke rayarwa. Ranar da batir ya mutu, mabuɗi ya ɓace, wasa ya tsaya, ko da yake sauran kayan duka lafiyarsu ƙalau. Mutane da yawa sun ɗauka fanel ɗin ya mutu har abada. Amma wasu masu haƙuri ba su jefar ba. A 2007 aka gano sirrin kullen, a 2016 kuma aka bayyana hanyar mayar da mabuɗin a cikin fanel. Waɗanda suka adana nasu sun ga ya tashi. Waɗanda suka jefar kuwa sai cizon yatsa.

Haka kuma kafasitoci. Akwai ruwa a cikinsu, zafi da tsufa sukan busar da shi. Alamar ita ce hoto yana rawa, ko ya tsuke, ko launi ya dushe, ko sauti ya riƙa gurnani. Ana canja su da masu lamba daidai, a kula da ƙafar da ke ɗaukar wuta da wadda ba ta ɗauka, gama idan aka juya ta takan fashe. Wuraren da aka like da dalma su ma sukan tsage, musamman ƙarƙashin kaya masu nauyi da masu zafi, sai a sake narkar da su. Amma mu faɗi gaskiya: akwai abin da ba ya gyaruwa. Hoton da ya daɗe wuri ɗaya yakan bar tabo a gilashin, kamar zanen hanyoyin Pac-Man, ko an kashe na'ura ana ganinsa. Wannan tabo ba ya fita. Mai gyara mai amana zai gaya wa mai kaya tun da wuri, ba zai karɓi kuɗi a kan abin da ya san ba zai yiwu ba.

Na huɗu, ya daidaita ta da inda take. Kafar kuɗin an yi ta ne domin ta gane tsabar yen 100, ta faɗinta da kaurinta da irin ƙarfenta. Sauran kuwa ta tofar. Mu a nan, naira da kwabo sun shigo a 1973, Babban Bankin Nijeriya kuma ya sake fitar da tsabar kwabo 50 da naira 1 da naira 2 a 2007, amma ku je kasuwar Gwarzo ku gani ko akwai mai karɓarsu yau. To, ba sai an fasa kafar ba. A wanke ta, a adana. Yawancin na'urorin suna da saiti a ciki wanda ke barin a yi wasa ba tare da jefa kuɗi ba, ko kuma maɓallin da mai shago zai danna bayan an biya shi a hannu. Duk abin da aka cire na asali a sa shi a leda a ajiye cikin akwatin, a rubuta abin da aka canja da ranar a takarda a manna a ciki. Mai gyaran da zai zo bayanka zai sa maka albarka.

Masu sauraro, me ya sa muka ɗauki lokaci a kan wannan? Domin a yau mun koyi jefarwa fiye da gyara. Waya ta ɗan yi tari, sai a sayi sabuwa. Rediyon da tsoho ya riƙe shekara 20 sai a miƙa wa 'yan gwangwan saboda kafasita ɗaya. Kuɗi yana fita daga gida, sana'a kuma tana fita daga gari, har ƙaramin gyara sai an hau mota an tafi Sabon Gari a Kano. Alhali yaron da ya koyi bin wuta da mita daga soket zuwa fanel, mataki mataki, zai iya gyaran inbata, da fitilar sola, da lasifikar taro, da cajar waya. Hanyar ɗaya ce: ka duba kafin ka kunna, ka kiyaye ranka, ka nemi tushen cutar, ka faɗi gaskiya ga mai kaya.

Saboda haka, ku iyayen gida a shagunan gyara, kada ku ɓoye wa yaranku sani, kada kuma ku bar su su koyi haɗarin kwalba da jikinsu. Ku yara, kada ku raina tsohon talabijin da aka ba ku ku kwance, a nan ne makarantar take. Ku iyaye, idan ɗanku yana son kwance rediyo, kada ku tsaya ga tsawa kawai, ku kai shi wurin mai sana'a na kirki. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

A nan za mu dakata. Allah ya albarkaci aikin hannuwanku, ya tsare ku daga haɗari. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, ku huta lafiya.