JAWABIN TARON ƘUNGIYA: KAYAN DA YA KAMATA MU AJIYE WA MOTAR GARI

Ranka ya daɗe Maigari, Allah gafarta Malam, iyayenmu dattawa maza da mata, da ƴan'uwanmu na ci-rani waɗanda wannan takarda za ta iske a Abijan, Legas, Kwatano ko Agadas, muna gaishe ku baki ɗaya.

Kwamiti ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan motar gari, wadda kuka haɗa gumin goshinku kuka saya. Abin da za mu faɗa mun tattara shi daga bakin direbanmu, da makanikan Ƙonni, da littafin da masu ƙera motar suka buga.

Kowa ya san halin hanyarmu. Daga Yuni zuwa Satumba, idan ƙoramun Magiya suka kawo ruwa, babu motar da ke shigowa gari sai ita. Mace mai doguwar naƙuda, da yaron da zazzaɓi ya sanƙarar, ita ke fitar da su bakin kwalta, daga nan sai asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, ko likitar Ƙonni. In ta ƙi tashi da tsakar dare, sai amalanken jaki. Saboda haka maganar ƙusa da man inji magana ce ta rai.

Motarmu Toyota Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, samfurin HZJ75. Danginta sun fara fitowa a 1984, injinta kuwa, wanda ake kira 1HZ, a 1990. Inji ne na gazuwal mai silinda 6, babu kwamfuta a cikinsa. Wato yawancin hidimarsa ana iya yin ta a gida, ƙarƙashin inuwar dogon yaro, muddin akwai kayan aiki.

Na farko, ƙarafan hannu. Ƙusoshin Toyota da milimita ake auna su. Muna bukatar kile masu lamba 10, 12, 14, 17 da 19, da kilen ƙafa mai lamba 21, da turnabis mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da fansi, da guduma, da kilen kwance matacin mai, da famfon giris. Wanda ya ɗaure ƙusa da kilen da bai yi daidai da ita ba, zai cinye mata kai, gobe sai an kira mai walda.

Na biyu, kayan ƙafa da na fitar da mota. Kirik mai ƙarfi, wanda ƴan Sakkwato ke ce wa jak, da katako mai kauri na ɗora shi a kan yashi. Ƙafar safiya biyu, shambur biyu, gam da faci, famfon iska da ma'auninsa. Felu, igiyar ja mai kauri, tocila, da wayoyin haɗa batir. A nan muna jan kunnen samari da abu biyu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota alhali kirik kaɗai ke riƙe da ita. A tokare ta da gungumen icce tukuna. Kuma ƙafafunta masu zoben ƙarfe ne. In zoben bai zauna daidai ba, yana iya ɓallewa lokacin ba da iska ya kashe mutum. A juya zoben ya dubi ƙasa, a tsaya nesa.

Na uku, abubuwan da ke ƙarewa. A hanya mai ƙura irin tamu, ana juye man inji kowane kilomita 5.000, kuma yana shan kusan litir 10 na mai lamba 15W-40. A ajiye jarka guda a rufe, da matacin mai, da matacin gazuwal biyu, da matacin iska. A ƙara da giris, da man birki, da man giya mai lamba 90, da kuruwar fanka, da tiyon lagireto da maɗaurinsa, da fis da ƙwan fitila. Batir kuma ruwansa na musamman ake zuba masa; ruwan rijiya yana kashe shi.

Gazuwal da ake saya a kwalba bakin hanya yakan zo da ruwa da ƙasa. A ƙasan matacin gazuwal akwai ɗan mazubi da ke tara wannan ruwa. A riƙa tsiyaye shi, don famfon gazuwal yana da tsada ƙwarai. Da hunturu a riƙa hure matacin iska daga ciki zuwa waje. Bayan an ratsa ƙorama, a duba man gadar gaba da ta baya. In ya koma kamar nono, ruwa ya shiga, a sake shi nan take. Gargadar hanya kuma tana sassauta ƙusoshin sifirin, a bi su da kile kowane mako.

Abu ɗaya ne za mu bar wa gwani. Cikin injin akwai kuruwa mai haƙora da ake sakewa kowane kilomita 100.000. In ta tsinke mota na tafiya, injin ya lalace. Wannan aikin garaji ne, namu shi ne mu riƙe lissafi.

Me ya sa muke cewa a saya a ajiye? Yawancin kayan motar ta Illela ta Nijeriya suke shigo mana. Mun ga yadda aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har Maris 2024. Kaya suka yi wuya, jabu ya cika kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƴan'uwa na ci-rani, ga roƙonmu gare ku. Kafin ku sayi wani abu, ku nemi sakatare ya aiko muku da hoton lambar shasi da na tsohon ƙarfen ta salula. Irin wannan mota akwai mai wutar bolt 12, akwai mai 24, kuma kayan wutarsu ba sa shiga juna. Ku sayi na ainihi ko da ɗaya ne. Araha ba ta ado.

Ga shawarwarin da muke gabatar wa taro. A ƙera akwatin ƙarfe mai kwaɗo, mabuɗi ɗaya wurin direba, ɗaya wurin ma'aji. A manna jerin kayan a cikin murfinsa. Kada a ba da aron ko kile guda, ko don gyaran injin ban-ruwan albasa ne, domin ƙarfen da ya tafi garka ba ya dawowa. A ajiye kaye a cikin mota, a riƙa rubuta kwanan wata, da kilomita, da aikin da aka yi. A ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kowace tafiya don cika akwatin. A zaɓi samari biyu su koyi aikin a hannun direba. Sannan kowace shekara, a watan Mayu, dattawa uku su buɗe akwatin a gaban jama'a a ƙirga kaya kafin ruwan farko.

Abin da ya sawwaƙa ke nan. Magana tana hannun iyayenmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da matafiya lafiya. Wassalam.